Ƙafar baya ta hagu da fitilu biyun da suka hana ni sakat

Motata ƙirar 2004 ce, ƙafafun gaba ke janta, kuma ta ci sama da kilomita 260,000. Ba mai rigima ba ce. In dai an canza mata man inji a kan lokaci, ana kuma duba mata ruwa, to sai tafiya. Shi ya sa lokacin da ta fara wani sabon hali, na daɗe ina kallon abin ban gane inda ya dosa ba.

A birki abin ya soma. Ina zuwa wurin tsayawa, kwalta a bushe, babu yashi babu ruwa, na taka a hankali kamar kullum, sai a ƴan takun ƙarshe in ji birkin yana karkarwa a ƙarƙashin ƙafata, gurrr, yana turo ni baya. Motar sai ta ƙara mirginawa kamar kamu biyu kafin ta tsaya. Kamu biyu ba komai ba ne a fili, amma ranar da na tsaya saura ƙiris in taɓa bayan wata mota, na san ba abin wasa ba ne. Bayan ƴan kwanaki sai na biyun ya biyo. In zan tashi daga tsaye, fitilar nan mai ruwan ɗorawa, mai hoton mota da layuka biyu karkatattu a bayanta, sai ta riƙa ƙyaftawa, injin kuma ya sace kamar wani ya riƙe motar ta baya. Ina ba ta wuta tana ƙin karɓa, daƙiƙa ɗaya ko biyu, sannan ta saki. Duk wanda ya taɓa shiga babban titi daga kwana ya san darajar daƙiƙa biyun nan.

Na yi kusan mako uku a haka. Rannan da safe sai fitilar ABS, tsarin da ke hana taya kullewa in an taka birki, da mai ruwan ɗorawan nan ta tirakshan, tsarin da ke hana taya sulɓi in an ba da wuta, suka kunna tare, suka zauna daram, ba ƙyaftawa. Abin mamaki, daga ranar karkarwar birkin ta ɓace, sacewar injin ma ta ɓace. Motar ta koma tafiya lafiya lau, sai fitilu biyu a dashbod. Da farko har na ji sanyi a raina, daga baya na fahimci abin da ya faru. In fitilar tirakshan tana ƙyaftawa, tsarin yana kan aiki ne, ya ɗauka taya tana sulɓewa. In ta tsaya a kunne, tsarin ya kashe kansa ne, domin kwamfutar ta daina yarda da labarin da ake kawo mata. Matsalar tana nan, mai tsaron ne ya ajiye aiki.

Dalilin da ya sa fitilun biyu ke tashi tare shi ne kunnuwansu ɗaya. ABS na lantarki irin wanda muka sani ya fito ne a 1978, aikin kamfanin Bosch a manyan motocin Mercedes, kuma tsarin tirakshan da ya biyo baya a shekarun 1980 a kansa aka gina shi. Kwamfutar ba ta ganin hanya, ba ta san ko ana ruwa ba. Abin da take da shi kawai sansa huɗu ne, wato ƴan na'urorin jin gudun taya, ɗaya a kowace ƙafa, kowace tana fuskantar wani zobe mai haƙora da ke juyawa tare da taya. Haƙora take ƙirgawa. A tawa motar zoben haƙora 48 gare shi, taya kuma tana cin kusan mita 2 a kowane zagaye, don haka a gudun kilomita 50 a awa kowace sansa tana aika bugu sama da 300 a daƙiƙa ɗaya. In ana birki ƙafa ɗaya ta yi ƙasa da sauran farat ɗaya, kwamfutar ta ce ta kulle, sai ta sassauta mata birki. In ana ba da wuta ƙafafun da ke jan mota suka fi waɗanda ake ja gudu, ta ce suna sulɓi, sai ta rage ƙarfin inji ko ta ɗan danna wa mai sulɓin birki. Duk hukuncinta a kan kwatanta lambobi huɗu yake. Lamba ɗaya ta yi ƙarya, hukuncin ya karkace.

Ina da ƙaramar na'urar sikanin, irin wadda ake sokawa a soket mai baki 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, wanda Amurka ta wajabta wa motoci tun 1996 da sunan OBD-II. Na soka, ta ce babu laifi. Fitilu biyu suna kallona, na'ura tana cewa lafiya. Nan na koyi cewa yawancin ƙananan na'urorin nan da kwamfutar inji kaɗai suke magana, lambobin da ke farawa da P suke karantawa. Laifin birki da ƙafafu a wata kwamfuta daban yake, lambobinsa da C suke farawa. Sai da na aro babbar na'ura wadda ke shiga ABS, sannan C0045 ta fito. A jerin da motoci da yawa ke bi, C0035 ƙafar gaba ta hagu ce, C0040 ta gaba ta dama, C0045 ta baya ta hagu, C0050 ta baya ta dama. Tsofaffin motoci da dama kuwa lambobin kamfaninsu suke amfani da su, don haka mutum ya duba littafin motarsa kafin ya kwance ƙafar da ba ita ba.

Ina ganin lambar na sayi sabuwar sansa na ɗaura, na goge laifin, fitilu suka mutu. Ban kai kilomita uku ba birkin ya sake karkarwa, washegari fitilun suka dawo. Na kai kuka wurin wani dattijon makanike da nake girmamawa, na ce masa, "Baba, na canza sansar amma abin yana nan." Ya dube ni ya ce, "Ɗana, lambar ce maka ta yi sansa ta mutu, ko ce maka ta yi ba ta jin maganar ƙafar?" Ban da amsa. Ya ce tsakanin taya da kwamfuta akwai zobe, akwai tazarar da ke tsakanin zoben da sansa, akwai sansar, akwai waya, akwai soket, akwai ita kanta kwamfutar, kuma duk wanda ya lalace a cikinsu lamba ɗaya zai ba ka. Ya ƙara da cewa in koma in fara daga abin da ba ya buƙatar sifana.

Haka na yi. Na fara da batir, domin kwamfutar ABS ba ta jure ƙarancin wuta, batir mai rauni yana iya tayar da fitilu a lokacin da ake tayar da mota. Lafiyayyen batir yana nuna kusan bolt 12.6 in mota tana kashe, in inji yana aiki kuma tsakanin 13.5 da 14.5. Nawa ya ba ni 12.5 da 14.1. Fis-fis lafiya, man birki a cike, fitilun birki na baya suna kamawa suna saki daidai. Wannan na ƙarshen mutane na raina shi, alhali makunnin da ke bayan fedar birki shi ke gaya wa kwamfuta an taka, in ya rikice tirakshan yana iya kashe kansa. Sai tayoyi. Duka huɗun 195/65 R15 ne, iska daidai. Na tsaya a kan wannan domin na taɓa ganin motar da aka sa wa 195/60 R15 a ƙafa ɗaya. Lamba ɗaya ce ta bambanta a rubutu, amma tsayin tayar ya sauka daga kusan milimita 634 zuwa 615, wato kashi 3 cikin ɗari. A gudun 100 wannan ƙafar za ta riƙa ba da labarin 103 har abada, wasu motocin kuma ba sa haƙuri da irin wannan saɓani.

Daga nan na ɗauko mita, na'urar auna wutar lantarki, na nufi sansar. Kafin mutum ya taɓa sansa da mita dole ya san wace iri ce a motarsa, domin iri biyu ne kuma gwajinsu ba ɗaya ba ne. Tsohuwar irin, wadda ke motata, maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar waya. Ba a ba ta wuta, ita ke haifar da tata wutar duk lokacin da haƙori ya gifta, wuta mai kai da komo wadda ke ƙaruwa da gudu tana raguwa in an rage. Ana iya auna juriyarta, wato yadda wayarta ke tare wuta, kuma yawanci takan faɗa tsakanin om 800 da 2,000, gwargwadon mota. Sabuwar irin, wadda ta yawaita daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa yau, tana da ɗan guntun lantarki a ciki, kwamfuta ke ba ta wuta, ita kuma tana amsawa da sauya ƙarfin wutar da take ja, galibi tsakanin miliamfa 7 da 14. Wannan tana karanta gudu har kusan tsayawa, amma auna juriyarta ba ya gaya maka komai, yana ma iya cutar da ita. Abin da ke rikita mutane shi ne dukansu suna iya zuwa da waya biyu. Hanya mai sauƙi ita ce a cire soket, a buɗe makulli, a auna ɓangaren da ya fito daga mota: in akwai wuta mai ƙarfi tana jira, da alama sabuwar iri ce, ko da yake wasu kwamfutocin na yanke wutar da zarar sun ga an cire soket, don haka littafin motar ya fi kowa gaskiya.

Na auna sabuwar sansar da na ɗaura, om 1,170. Na auna ta ƙafar dama, 1,130. Sai na ɗauko tsohuwar da na cire na jefa a kwali, na auna, 1,150. Lafiyarta ƙalau. Na zauna a ƙasa riƙe da ita na ɗan jima, domin a nan na tabbatar cewa na cire abin da ba shi da laifi.

Waya ce ta biyo. A tsofaffin motoci ita ce ta fi yawan laifi, musamman a ƙafafun gaba inda take lanƙwasa duk lokacin da aka juya sitiyari, ga kuma hawa da saukar shokozoba. Tagullar ciki tana karyewa roba tana nan sumul, ido ba zai gani ba. Alamarta ita ce fitila ta kunna in an sha kwana ko an faɗa rami, ta mutu in an kashe mota an sake tayarwa. Na cire kan batir, na zare babban soket ɗin kwamfutar ABS, na nemo bakuna biyun da ke zuwa ƙafar baya ta hagu, na ɗora mita a hankali ba tare da na cusa tsinken ya buɗe bakin ba. Na sami 1,171, wato sansar da wayar gaba ɗaya. Ƙanena ya riƙa bin wayar yana murzawa yana ja daga ƙafa har inda ta shige jikin mota, ni kuma idona na kan mita. Lambar ba ta motsa ba. Na gwada kowane baki da ƙarfen jikin mota ko wayar ta goge tana taɓa shi, babu. Soket ɗin da ke kusa da ƙafar ma a bushe yake, babu koren nan da ruwa ke bari a kan tagulla.

Sansa lafiya, waya lafiya. Sai na ɗaga bayan motar, na tokare ta da ƙarfen tokara guda biyu, domin jak kaɗai ba abin da mutum zai ba amanar ransa ba ne. Na mayar da mita kan wuta mai kai da komo, na juya tayar dama da hannu, kamar zagaye ɗaya a daƙiƙa. Ta ba ni kusan bolt 0.35, a tsaye. Na koma ta hagu na juya da gudu iri ɗaya, sai 0.12, tana hawa tana sauka. Wannan shi ne karo na farko da na ga bambanci da idona. A irin wannan aiki ƙafar da ke lafiya ita ce ma'auninka, ta fi kowane jadawali amfani, domin shekarunsu ɗaya kuma hanya ɗaya suka bi.

Don in tabbatar, na mayar da komai na sake aro babbar na'urar, na buɗe shafin da ke nuna gudun ƙafafu huɗu a lokaci ɗaya. Muka sami hanya shiru wadda ba kowa, ni ina tuƙi, ƙanena yana riƙe da na'urar, domin ba a haɗa tuƙi da kallon allo. A gudun 40 ya ce duka huɗun 40. A 25 haka. Na ci gaba da ragewa, sai ya ce, "Yaya, dakata, ta hagun nan tana tsalle. Sauran suna 11, ita ta nuna 7, ta koma sifili, ta dawo 9." Muka maimaita sau biyar, sau biyar tana yin haka da zarar mun sauko ƙasa da 12. Nan duk abin da ya faru a makonnin baya ya haɗu wuri ɗaya a kaina. In ina birki ta faɗi sifili, kwamfuta ta ce ƙafar ta kulle, sai ta saki birkin, shi ne karkarwar. In ina tashi ta nuna ƙasa da gaskiya, kwamfuta ta ga ƙafafun gaba sun fi na baya gudu, ta ce sulɓi ne, sai ta yanke wuta. Kuma dalilin da ya sa fitila ba ta tsaya ba tun farko shi ne babu abin da ya katse ta fuskar lantarki. Labarin da ke zuwa ƙarya ne, amma ƙarya ce mai kama da gaskiya, irin wadda taya ke iya yi a kan santsi. Sai da abin ya yi yawa ta daina yarda.

Na sake zare sansar, wannan karon na duba da kyau. Bakinta ya riga ya tara garin ƙarfe cikin kwana kaɗan, kamar gashi. Wurin da take zama a jikin ƙarfen ƙafar ya kumbura da tsatsa, ɓawo a kan ɓawo, har ya ɗaga ta sama. Ranar da na canza ta ban ko goge wurin ba, na ɗora sabuwa a kan tsatsar na ɗaure. Tazarar da ke tsakanin bakin sansa da haƙora yawanci ba ta wuce milimita ɗaya ko kusa da haka ba, ƙarin rabin milimita kuwa ya isa ya raunana wutar, kuma a ƙaramin gudu, inda wutar take da rauni dama, nan take ɓacewa. Wannan ya bayyana min 0.12 ɗin. Bai bayyana min hawa da saukar ba.

Sai na haska tocila a cikin ramin, na yi wa taya alama da alli, na riƙa juyawa haƙori ɗaya bayan ɗaya ina ƙirgawa. A na talatin da ɗaya na gan shi. Zoben ya tsage daga sama har ƙasa, tsaga siririya a tsakanin haƙora biyu. Tsatsa ce ta shiga ƙarƙashinsa, ta kumbura, ta buɗe shi da ƙarfi. Ramin da ke wurin ya fi sauran faɗi, zoben kuma ya ɗan karkace, yana matsowa kusa da sansa a gefe ɗaya yana nisa a ɗayan. Da gudu kwamfuta tana iya haɗiye wannan tuntuɓen a cikin ɗaruruwan bugu. A gudun 10, inda bugun bai kai 70 a daƙiƙa ba, rami ɗaya mai faɗi yana kama da taya ta tsaya cak. Na kama tayar sama da ƙasa na girgiza don in ji ko boris ya saki, domin boris mai wasa shi ma yana sauya tazarar nan. Akwai ɗan motsi kaɗan, ba mai yawa ba.

Tunda zoben a jikin hob yake, wato ƙarfen da ake ɗaure taya a jikinsa, kuma boris ya fara gajiya, na canza hob ɗin gaba ɗaya. Kafin in ɗaura na ajiye sabo kusa da tsoho na ƙirga haƙora, 48 da 48. Ina roƙon duk mai wannan aiki ya yi wannan ƙirgar. Mota iri ɗaya tana iya zuwa da zobe daban a shekaru daban, kuma in aka sa mai 44 a wurin mai 48, ƙafar za ta riƙa nuna ƙasa da gudunta da kusan kashi 8 cikin ɗari, an gyara laifi ɗaya an shuka wani. Masu sabuwar irin sansa kuma su kula da wani abu: zobensu sau da yawa ba haƙora gare shi ba, maganaɗisu ne da aka shimfiɗa a cikin robar da ke rufe fuska ɗaya ta boris. In aka buga boris ɗin a juye, sansa ba za ta ji komai ba, kuma fitar da shi yakan lalata shi. Ɗan siririn ƙarfen maƙale takarda yana manne wa fuskar da ke da maganaɗisun, da shi ake ganewa, kuma kada a kusanto da wani maganaɗisu mai ƙarfi wurin. Na kankare mazaunin sansar har ƙarfe ya fito fari, na shafa giris kaɗan don tsatsa, na ɗaure babban notin da ma'aunin da littafi ya faɗa, na mayar da waya cikin kowane maƙalinta yadda ba za ta goga da taya ba.

A cikin makonnin nan mutum biyu sun ba ni shawarar in zare fis ɗin ABS in huta. Ban yarda ba, kuma har yanzu ban yarda ba. Gaskiya ne in fitilar ABS kaɗai ke kunne birki na yau da kullum yana aiki, mutum zai iya kai motar wurin gyara a hankali. Amma a motoci da yawa na wannan zamanin kwamfutar nan ce kuma ke raba ƙarfin birki tsakanin gaba da baya. In ta mutu gaba ɗaya, ƙafafun baya suna iya kullewa kafin na gaba a birkin gaggawa, mota ta juya da mutum. Shi ya sa in jar fitilar birki ta kunna tare da ta ABS, alhali birkin hannu a sauke yake, ni a wurina motar ta tsaya ke nan sai an duba. In kuma fitilar tirakshan ce kaɗai ta tsaya ABS bai ce komai ba, a fara da maɓallin kashe shi ko an taɓa shi ba a sani ba, sannan makunnin birki, sannan a ga ko kwamfutar inji tana da nata laifin, domin tirakshan ba ya aiki in inji yana ƙorafi. A motocin da ke da tsarin hana juyewa akwai kuma sansar sitiyari, wadda kan buƙaci a sake saita ta bayan an yi alaimen ko an cire batir. Ita kanta kwamfutar ABS tana lalacewa a tsofaffin motoci, dalmar da ke cikinta kan tsage saboda zafi da girgiza, har fitila ta riƙa kunna in mota ta yi zafi ta mutu in ta huce. Amma ita ce ta ƙarshe da za a tuhuma, bayan an wanke zobe da tazara da waya.

Muka koma hanyar nan shiru da ƙanena. Na goge laifin, na kai 40, na fara ragewa. Yana karanta min: 20 duka, 12 duka, 9, 6, 4, ƙafafu huɗu suna sauka tare har muka tsaya, fedar birki shiru a ƙarƙashin ƙafata. Na tashi da ɗan ƙarfi, injin ya karɓa nan take. Daga baya na sami wuri mai tsakuwa na taka birki sosai a ƙaramin gudu, ABS ya yi karkarwarsa a inda ya dace, na ba da wuta fitilar tirakshan ta ƙyafta sau biyu ta mutu. Wata huɗu ke nan ba su dawo ba. Tsohuwar sansar na goge ta na rubuta 1,150 a jikin kwalinta na ajiye. Ranar da na gama aikin na leƙa ramin ƙafar baya ta dama da tocila, zobenta bai tsage ba tukuna, amma tsatsa ta fara ɗaga gefensa, don haka na kankare mazaunin sansarta ita ma, kuma hob ɗinta ne aikina na gaba.